Na'urar auna oksijin ta yatsa: abin da na gani bayan wata takwas tana aiki a gidanmu na Aboabo

A watan Janairun da ya wuce, lokacin da ƙurar hunturu ta lulluɓe Kumasi har ba a iya hango ƙarshen titi da sassafe, mahaifiyarmu ta kama tari da zazzaɓi. Ta fi shekara 30 tana dama koko da suyar ƙosai a bakin hanya a Aboabo, kuma tari a irin wannan lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinta, saboda haka muka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da mura, muka saya mata magani muka zuba ido. A rana ta biyar na lura ba ta iya amsa gaisuwar safe sai ta tsaya a tsakiyar magana tana haki. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta shigo dubiya, ta ciro wata 'yar na'ura daga jakarta ta maƙala mata a yatsa, ta dubi lambar da ta fito, 84, sannan ta ce: "Mma, ki yi haƙuri, yau ba a gida za ki kwana ba." Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, nemo mota yanzu, kada ka jira kowa."

Kwana 26 Mma ta yi a asibiti, tara daga ciki a sashen masu matsananciyar jinya da na'urar hura numfashi a maƙogwaronta. Likitoci suka ce nimoniya ce ta fara, daga baya ta rikiɗe ta zama mummunan raunin huhu na farat ɗaya, wanda suke kira ARDS a taƙaice. Kafin a sallame ta aka ba mu shawarar mu mallaki irin wannan na'ura ta yatsa, wadda ake kira oksimita, domin bibiyar lafiyarta a gida. Na sayi guda biyu a jere, na yi wata takwas ina aiki da ta biyun, kuma hukuncina a kansu shi ne cewa mai kyau daga cikinsu ta cancanci kuɗinta, amma ba za ta amfani wanda bai san abin da take aunawa ba, har ma tana iya cutar da shi ta hanyar kwantar masa da hankali a lokacin da ya kamata ya tashi tsaye.

Ta farko na saye ta ne a wurin wani mai tebur a kasuwa, a cikin kwali mara sunan kamfani, saboda arha da gaggawa. Ta biyu na saye ta a wani kantin magani mai lasisi a Adum, kuɗinta ya kusa ninka na ta farko sau uku. A ido kusan iri ɗaya ne: roba ce mai baki kamar maƙalin shanya, tana cin ƙananan batura biyu, tana kunnuwa da maɓalli guda, tana kashe kanta 'yan daƙiƙoƙi bayan an zare yatsa. Bambancin ya bayyana ne tun Mma tana kwance a ɗakin mata, inda na sami damar gwada su da babbar na'urar asibiti. Ta kasuwa takan yi tsalle daga 91 zuwa 97 cikin minti ɗaya a yatsa guda, mara lafiya kuwa ko motsi ba ta yi ba, kuma mafi yawan lokaci tana karkata ne zuwa lamba mai daɗin gani. Ta kantin magani ba ta taɓa yin nisa da ta asibiti da fiye da lamba biyu ba. Tana kuma nuna wani layi mai tashi da sauka daidai da bugun zuciya, wanda na gane daga baya cewa shi ne shaidar da za a dogara da ita: idan layin yana tafiya sumul a jere, na'urar ta kama bugun jini sosai, idan kuwa ya hargitse, lambar da ke sama ba abin yarda ba ce. Ta farko na jefar da ita, ban ma yarda in ba wani ba.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, kuma a daren da na riƙa kwana a barandar asibiti na karanta abin da zan iya karantawa game da wannan ciwo, na kuma sami wani matashin likita mai haƙuri da tambaya. Abin da na fahimta shi ne ya sauya yadda nake kallon lambar da ke fitowa a fuskar na'urar, don haka dole in tsaya a kansa.

Iskar da muke shaƙa tana bin bututu masu rassa har ta ƙare a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, waɗanda yawansu a huhun babban mutum ya kai kimanin miliyan 480. Kowace jaka tana kewaye da siraran hanyoyin jini, kuma abin da ya raba iska da jini wani bango ne wanda a wurare mafi siranta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wato silin gashin kai ya fi shi kauri sau ɗari ko fiye. Ta cikin wannan bango oksijin ke ratsawa ya shiga jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fito. Ta gefen iska, ƙwayoyin halitta iri biyu ne suka shimfiɗe bangon. Iri na farko faffaɗa ne sirara kamar fatar albasa, su ne suka rufe kusan kashi 95 cikin 100 na farfajiyar, kuma gefunansu a ɗinke suke da juna tamau domin kada ruwan jini ya tsiyayo cikin jakar. Iri na biyu dunƙulallu ne, wurin da suka ci kaɗan ne, amma aikinsu uku ne masu nauyi. Su ne ke samar da wani sinadari mai santsi da ake kira safaktan, wanda ke hana jakar mannewa idan an fitar da numfashi, kamar yadda jiƙaƙƙiyar leda ke manne bakinta ta ƙi buɗuwa. Suna kuma cikin masu jan gishiri daga cikin jakar zuwa waje, ruwa ya bi gishirin, ta haka jakar ke zama babu ruwa a kwance. Sannan idan faffaɗan ƙwayoyin nan sun mutu, su ne ke hayayyafa su rikiɗe su maye gurbinsu.

Idan ƙwayar cuta ta isa cikin jakunkunan, masu gadin da ke zaune a wurin, wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofej, sukan saki sinadaran kira da ake kira saitokin, su kansu ƙwayoyin bangon ma suna saki. Wannan kira ne ke janyo rundunar fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, su ratsa bangon su shigo. Wannan shi ne abin da likitoci ke nufi da kumburi, kuma asalinsa kariya ce, domin in babu shi ƙaramar cuta ma sai ta kashe mutum. Matsalar ita ce makaman nutrofil ba sa bambance maƙiyi da mai gida. Suna fesa sinadarai masu narka nama da masu ƙona ƙwayar halitta, har suna warware zaren cikinsu su baza shi kamar raga don kama ƙwayoyin cuta. Duk wanda ya taɓa ganin an bi ɓarawo a cikin cunkoson kasuwar Kejetia ya san cewa tebura da kayan da ke kifewa a lokacin ba ɓarawon ne ke kifar da yawancinsu ba. Haka lamarin yake a huhu idan kumburi ya wuce kima: ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin bango ya warware, faffaɗan ƙwayoyi su mutu su ɓare, bangon hanyoyin jini shi ma ya yi yoyo, sai ruwa mai kauri cike da furotin ya malalo cikin jakunkunan. Ruwan nan yana lalata safaktan, ƙwayoyin da ke samar da shi kuma sun ji rauni, masu kwashe ruwan ma su ne dai suka ji raunin, saboda haka wasu jakunkunan su cika, wasu su manne. Gawarwakin ƙwayoyin da suka mutu kuma suna sakin abubuwan da garkuwar jiki ke ɗauka a matsayin sabon kiran gaggawa, sai a ƙara turo nutrofil, ɓarna ta haifi ɓarna.

Sakamakon ya yi kama da layin jarkoki a bakin famfon da ya ƙafe. Jini yana ci gaba da zuwa gefen jakunkunan da suka cika da ruwa, ya wuce bai ɗebi komai ba, ya je ya gauraya da wanda ya ɗebo daga jakunkuna masu lafiya, sai adadin oksijin na jiki duka ya faɗi. Wannan faɗuwar ce na'urar yatsa ke gani. Ba ta ganin huhu, ba ta ganin kumburi, ba ta san ko bangon yana yoyo ba. Launin jini kawai take karantawa a ƙarshen yatsa, bayan duk abin da zai faru ya riga ya faru.

Yadda take karantawar kuwa abin sha'awa ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, shi ne ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, kuma ya rasu a watan Afrilun 2020, daidai lokacin da duniya ta fi bukatar ƙirƙirarsa. Na'urar tana haska yatsa da haske iri biyu, ja mai tsawon zango nanomita 660 da wani wanda ido ba ya gani mai nanomita 940. Himogulobin, wato sinadarin da ke dakon oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana shanye waɗannan hasken biyu ta hanya dabam idan yana ɗauke da kaya da idan babu. Na'urar tana ware ɓangaren hasken da ke sauyawa tare da bugun zuciya, ta yi lissafi, ta fitar da kashi nawa cikin 100 na himogulobin ke ɗauke da oksijin. Ga mai lafiya lambar takan kasance tsakanin 95 da 100. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne 90 ba "kusan cikakke" ba ne kamar makin jarrabawa. Daga wajen 90 zuwa ƙasa gangara ce mai santsi, ƙaramin ƙarin taɓarɓarewa a huhu yana iya jan lambar ƙasa da sauri.

A nan ne nake da babban ƙorafi, kuma ba a kan na'urar da na saya kaɗai ba, a kan dukkan nau'in ne. A watan Disamban 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa sakamakon kwatanta lambar oksimita da gwajin jinin da aka ɗiba kai tsaye daga jijiya. Sun duba lokutan da na'urar ta nuna tsakanin 92 da 96 alhali ainihin adadin bai kai 88 ba. Wannan ɓoyayyen ƙarancin oksijin ya faru a kashi 11.7 cikin 100 na gwaje-gwajen baƙaƙen fata, a fararen fata kuwa kashi 3.6 ne, wato fiye da ninki uku. A Fabrairun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan iyakokin waɗannan na'urori, ta ambaci launin fata a cikin abubuwan da ke shafar sahihancinsu, ta kuma bayyana cewa ko na'urar da ta amince da ita ce ta nuna 90, ainihin adadin yana iya kasancewa tsakanin 86 da 94. Ga mu mutanen Zango wannan ba zancen nesa ba ne, domin kuskuren yana karkata ne zuwa ɓangare mafi haɗari, na nuna wa mutum ya fi lafiya fiye da yadda yake. Na ga haka da idona sau ɗaya, ranar da aka ɗebi jinin Mma daga wuyan hannu: na'urata mai kyau ta nuna 94, sakamakon jini ya dawo da 91. Takardar bayanin da ke cikin kwalin, wadda aka rubuta da ƙananan haruffan Turanci da Sinanci, ba ta ce uffan game da wannan ba, kuma ina ganin rashin adalci ne a sayar da irin wannan kaya a Afirka ba tare da an faɗi haka ƙarara a jikin kwali ba.

Akwai wasu abubuwan da suka rikita mana karatu a gida waɗanda sai da muka koya da kanmu. Da asuba a lokacin sanyi, musamman bayan alwala, yatsun Mma kan yi sanyi har na'urar ta kasa kama bugun jini, sai mun murza mata hannu ya ɗumama tukuna. Lokacin bikin wata jikarta an yi mata baƙin lalle a yatsu, lambobin suka riƙa rawa, har muka koma amfani da yatsan da lallen bai kama sosai ba. Jan lalle na gargajiya bai ba mu irin wannan matsala ba. Jan farce mai duhu shi ma yana tare hasken. Hasken rana mai ƙarfi a tsakar gida yana dusashe fuskar na'urar har ba a iya karantawa. Sai kuma wani aibi na ƙira wanda na ɗauka da muhimmanci: lambobi biyu ne ke fitowa, na oksijin da na bugun zuciya, girmansu kusan ɗaya, kuma fuskar tana juyawa idan an danna maɓalli. Wata rana ƙanwata ta kira ni a makaranta tana kuka cewa oksijin ɗin Mma ya sauka 78, ashe bugun zuciya ta karanta. Akasin haka ya fi muni, wato a ga bugun zuciya 98 a ɗauka oksijin ne alhali shi yana 86. Na manna 'yar farar takarda a gefen lambar oksijin don kauce wa haka. Batura kuwa ba su da ci, ina canza su kusan bayan wata biyu, amma idan sun yi rauni lambar takan yi jinkiri da rawa kafin alamar batir ta nuna.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro shi ne na hayaƙin gawayi da na janareta. A unguwanninmu ana shigar da kaskon gawayi ɗaki a daren hunturu, ana kuma kunna janareta a lungu idan wuta ta ɗauke. Iskar guba da ke fitowa daga gare su, kabon monoksaid, tana kama himogulobin ta hana shi ɗaukar oksijin, oksimita ta gida kuwa ba ta iya bambance wannan da jini mai lafiya, don haka mutum yana iya kasancewa a bakin mutuwa na'urar tana nuna 98. Haka kuma mai ƙarancin jini sosai yana iya samun lamba mai kyau, domin na'urar tana faɗin kashi nawa na 'yan dako ke ɗauke da kaya ne, ba ta faɗin ko 'yan dakon sun isa.

Duk da wannan, ba zan rage darajarta ba, kuma likitocin duniya ma ba su rage ba. An fara bayyana ARDS ne a 1967, lokacin da likitoci a birnin Denver na Amurka, ciki har da David Ashbaugh da Thomas Petty, suka ba da rahoton marasa lafiya 12. Ƙa'idar gano ciwon da aka amince da ita a 2012, wadda ake danganta wa birnin Berlin, ta dogara ne da gwajin iskar jini daga jijiya da hoton ƙirji da kasancewar mara lafiya a kan na'urar da ke tura iska da matsi, abubuwan da asibitoci da yawa a nahiyarmu ba su da su. Ma'anar haka ita ce talaka yana iya mutuwa da ciwon ba tare da an iya kiran sunansa ba. A 2016 aka wallafa wani bincike daga asibitin koyarwa na Kigali a Ruwanda, inda aka maye gurbin gwajin jinin da lambar oksimita, aka kuma yarda da hoton sauti na huhu, wato irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu. Da wannan ma'auni aka gano cewa kashi 4 cikin 100 na manyan da aka kwantar suna da ciwon, kuma rabinsu sun rasu. Sabuwar ƙa'idar duniya da aka fitar a 2023 ta karɓi wannan hanya. Wato 'yar na'urar da ke kan teburin Mma, a hannun wanda ya san aikinsa kuma ya san yawan oksijin da ake ba mara lafiya, tana cikin kayan gano wannan ciwo a hukumance. Ciwon kuwa ba ƙarami ba ne: wani babban bincike a ƙasashe 50 da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma da ke sashen matsananciyar jinya yana da shi, kuma mace-mace sun kama daga kusan kashi 35 cikin 100 a mai sauƙi zuwa kashi 46 a mai tsanani.

Dole in yi magana a kan shawarar da wasu 'yan uwa suka kawo da kyakkyawar niyya a ranar farko, cewa mu yi hayar injin tace oksijin mu ajiye Mma a gida, tunda ga na'urar aunawa ga injin ba da iska. Wanda ya fahimci layin jarkokin nan zai ga kuskuren. Jinin da ke wucewa ta gefen jakar da ta cika da ruwa ba ya haɗuwa da iska ko kaɗan, saboda haka ko an ƙara oksijin a hanci, amfanin da ake samu kaɗan ne idan jakunkuna da yawa sun nutse. Abin da ake bukata shi ne a kashe cutar da ta tayar da kumburin, a buɗe jakunkunan da suka manne da matsin iska, a kuma yi hakan da taka-tsantsan, domin huhun da ya ji rauni yana ƙara yagewa idan an hura shi da ƙarfi. Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa rage yawan iskar da na'ura ke hurawa daga mililita 12 zuwa 6 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum ya rage mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin 100. Wani kuma a Faransa da Sifaniya a 2013 ya nuna cewa kwantar da masu tsananin ciwon rub da ciki na aƙalla awa 16 a jere ya rage mutuwa cikin kwana 28 daga kusan kashi 33 zuwa 16. Ranar da na tarar an kifa Mma rub da ciki na firgita, sai wata nas ta ce mini, "Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, bayan huhun ne ya fi cika da ruwa, muna ba shi sarari ne." Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya yi a ɗaki a Aboabo, balle a ce wuta ta ɗauke da tsakar dare injin ya tsaya.

Kuma ba nimoniya kaɗai ke kai mutum nan ba. Cutar da ta bazu a jini daga wani sashe na jiki, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, mummunan haɗarin mota, shaƙar hayaƙin gobara, amai da ya koma hanyar numfashi, da korona wadda ta shigo Ghana a watan Maris na 2020, duk suna iya tayar da wannan kumburi. Ina so iyaye mata su ji wannan musamman: idan yaro ya sha kananzir da aka zuba a kwalbar lemo, al'adar ɗura masa manja don ya yi amai tana ƙara haɗari, domin ɗigon kananzir da ya faɗa huhu yayin amai yana lalata safaktan ya ƙona bangon jakunkunan kai tsaye. A kai shi asibiti ba tare da an sa shi amai ba. Oksimita ta manya ma ba ta zama daidai a yatsan ƙaramin yaro, kuma ga yara ƙirga numfashi ya fi amfani: sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta a tafi asibiti.

Ƙirga numfashin nan shi ne abin da na fi so mai sayen na'urar ya haɗa da ita, ga manya ma. Jiki yana rufa wa huhu asiri na ɗan lokaci ta hanyar saurin numfashi, don haka lambar tana iya tsayawa a 94 alhali mutum yana numfashi sau 30 a minti, maimakon 12 zuwa 20 na mai lafiya, kuma ƙarfinsa yana gab da ƙarewa. Likitan Mma ya ba mu ƙa'ida a rubuce: idan tana zaune a huce lambar ta tsaya a 92 ko ƙasa, ko ta sauka da lamba uku daga abin da ta saba, ko numfashi ya yi sauri, ko ta rikice a magana, mu kawo ta nan take ko mu kira lambar gaggawa ta 112, kuma idan ido ya ga alamar wahala kada mu bari lamba mai kyau ta hana mu tafiya. Wannan ƙa'ida tata ce, mai wani ciwon huhu na dindindin zai iya samun wata dabam daga likitansa.

Inda na'urar ta fi yi mana amfani shi ne a bibiyar warkewa. Bayan makon farko na ambaliyar ruwa a huhu, idan Allah ya sa an shawo kan cutar, dunƙulallun ƙwayoyin nan iri na biyu sukan fara hayayyafa su sake shimfiɗe bangon, su koma jan gishiri da ruwa, makrofej kuma su juya daga masu kiran yaƙi su koma masu share gawarwakin nutrofil. Aikin yana cin makonni da watanni, kuma a wasu mutane tabo yana maye gurbin bangon ya bar shi da kauri. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ina rubuta lambar oksijin da bugun zuciya da yawan numfashi safe da dare, a yatsa guda, bayan ta huta minti biyar, sannan in sake aunawa bayan ta yi tafiya daga ɗakinta zuwa ƙofar gida ta dawo. A makon farko takan sauka daga 94 zuwa 88 a wannan 'yar tafiya, ta ɗauki mintuna kafin ta farfaɗo. A wata na uku saukar ta tsaya a 92. Likita ya fi duba wannan littafi fiye da kowace lamba guda da aka auna a gabansa, domin ko da na'urar tana ƙara lamba biyu ko uku, kullum ita ce dai, a yatsa guda, don haka hawa da saukar da ta nuna gaskiya ne.

Wanda zai saya, ya je kantin magani mai lasisi, ya tambaya ko Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta yi wa na'urar rajista, ya zaɓi mai nuna layin bugun jini, ya guji wadda aka rubuta a kwalinta cewa don wasanni ce ko hawan dutse. Ya gwada ta a yatsansa a cikin kantin, ya jira rabin minti ya ga ko lambar ta tsaya wuri ɗaya, sannan a zuwansa asibiti na gaba ya roƙi nas ta kwatanta ta da tasu. Gidan da ke da tsoho, ko mai ciwon huhu ko zuciya, ko wanda aka sallamo daga irin jinyar Mma, ina ganin ya kamata ya mallake ta.

Mma ta koma bakin kaskonta a wata na shida, amma mun fitar da murhun daga rumfar da ke rufe zuwa fili, kuma ƙanwata ce ke tsayawa a kan suya, ita tana zuba koko tana karɓar kuɗi. Har yanzu takan gaji idan ta hau matakalar masallaci. Yanzu sau biyu a mako nake auna ta, lambarta tana zama tsakanin 96 da 97, kuma na riga na sayi sabon littafi da batura domin hunturu mai zuwa, lokacin da za mu koma aunawa safe da dare.